Bisimillar da Ido Bai Gani Ba

Akwai wani mutum a unguwarmu ta cikin tsohon birnin Lahore da kowa ke kira Ustad Fayyaz, wato gwanin sana'a. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya jiƙansa. Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru. Wani na gani da idona, wani kuma shi ya gaya mini daga baya.

Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a maɗaba'ar Malik Tanwir, inda ake buga katin biki da ambulan. Shi ba ya taɓa inji. Teburinsa yana bakin taga, kuma duk takardar da aka buga sai ta bi ta hannunsa kafin ta bar gidan.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne busasshen bugu. Bugu ne da ba a sa masa tawada. Ana danne takarda da hatimin tagulla mai zafi, sai rubutu ko fure ya taso, fari a kan fari. Idan ka kalle shi kai tsaye ba lalle ka ga komai ba. Sai ka karkata shi wajen haske, ko ka shafa da yatsa.

Haka Fayyaz yake wuni. Ya karkata, ya shafa da babban yatsa, ya ajiye. Mai kyau dama, marar kyau hagu. In rubutun ya tsage a gefe, hagu. In zafi ya yi yawa takarda ta yi ja, hagu. In bai taso sosai ba, hagu.

Na hagun ma kashi biyu ne. Wanda ke ɗauke da fure ko sunan amarya, kwando yake shiga, a sayar wa masu sayen tarkacen takarda. Wanda ke ɗauke da sunan Allah kuwa, koren buhu yake shiga. In buhun ya cika, Fayyaz da kansa yake kai shi akwatin ƙarfe da ke jikin masallaci, inda ake tara irin waɗannan takardu. Kowa a layin ya san hannun Ustad ba ya haɗa kwando da buhu.

A farkon sanyin shekarar da abin ya faru matarsa Gulnaz ta rasu. Kwana biyar ta yi tana jinya.

Bai yi kuka ba. A maƙabarta ya tsaya kamar mai jiran mota. In na kai masa abinci ya ci, in ban kai ba ba ya tambaya. Mutane suna ta cewa, "Kai, Ustad akwai haƙuri." Ni na san ba haƙuri ba ne. Ba ya jin komai ne kawai.

Ran kwana uku Malik Tanwir ya zo ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha ya matso kusa, ya rage murya.

"Ustad ji, ka san lokacin bukukuwa ne. Aiki ya kai rufi. Ba na ce ka zo ba ne, amma zaman gida ba zai dawo da ita ba."

Fayyaz ya ce, "To."

Washegari ya koma teburinsa.

Aikin ranar ambulan ne na bikin 'yar wani attajirin tufafi. Farar takarda ce marar kauri, da Bisimillah a sama, busasshen bugu. Da safen an ɗauke wuta, hatimi ya huce, mai inji kuma bai jira ya sake yin zafi ba. Ɗari shida na farko suka fito rubutun bai taso ba sai ɗan kaɗan.

Yatsan Fayyaz ya gane. Ya tura su hagu gaba ɗaya. Sannan ya ɗauki tarin ya sake shi cikin kwando.

Ba wanda ya lura. Farar takarda ce a kan farar takarda.

Kowace Alhamis wata mata tana zuwa sayen abin da ke kwandon. Sunanta Rakil Bibi, Kirista ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana haya a ɗaki ɗaya a ƙarshen layinmu ita da 'yarta mai lalurar ƙafa. Sana'arta haɗa 'yan jakunkunan takarda tana liƙewa da ƙullun fulawa, ta sayar wa masu shaguna su riƙa zuba wa mutane kaya. Ba ta taɓa shiga aji ba.

Ta saba tsokanarsa in ta zo. "Ustad ji, yau ma rabin dukiyar Malik ka zubar mini? Allah ya ƙara maka tsanani." Amma ranar ta tsaya daga nesa, ta ja mayafinta.

"Na ji rasuwar Baji Gulnaz, yayarmu. Mutuniyar kirki ce."

Ya ce, "Haka ne." Bai ɗago ba.

Ta ɗaure takardunta ta tafi.

Bayan kwana goma, da la'asar, Haji Imtiyaz mai shagon kayan ƙarfe ya tsaya wajen Latif mai suyar pakora, wani irin ƙosai. Haji mutum ne mai babbar murya, wanda duk maganar da ta tashi a layi sai ya zama shugabanta.

"Latif, wannan man naka tun auren babanka yake a kaskon nan ko?"

"Haji Sahib, shekara goma kana zaginsa kana lashe yatsa. Na nawa?"

Latif ya kwaso masu zafi ya zuba masa a jakar takarda. Haji yana ci yana surutu, mai yana ratsa takardar. Can sai ya ƙura wa jakar ido. Inda man ya jiƙa, haruffa sun fito ɗaya bayan ɗaya, har aka iya karanta Bisimillah sarai.

Kafin a ce me, layi ya cika.

Latif ya rantse shi saya kawai ya yi. Wa ke haɗawa? Rakil Bibi. Aka nufi ƙofarta. Ta fito da ƙullun fulawa a hannu, ta kalli jakar, ta kalli fuskokin mutane, ba ta ma gane abin da ake nuna mata ba. Da aka yi mata bayani sai ta zauna a ƙasa.

"A wajen Malik Sahib na saya. Farare ne, wallahi farare ne na gan su."

Aka aika wa Malik Tanwir. Ya zo da rigarsa mai guga, ya dubi jakar sau ɗaya.

"Maɗaba'a nawa ce a garin nan? Ni kwandona Ustad Fayyaz ke tsaronsa. Kun taɓa jin ya haɗa?"

Mutane suka ce a'a, ba a taɓa ji ba.

Haji Imtiyaz ya ɗaga murya. "To shi ke nan, magana ta fito. In ba daga kwando ba, daga ina? Daga akwatin masallaci! Can take zuwa ta kwashe don kar ta sayi takarda."

Aka fara matsowa. Mai gidan da take haya ya ce yau za ta bar masa ɗaki. Wani ya ce barin ɗaki ai sauƙi ne. Allah ya taimaka limamin unguwa, wanda muke kira Maulwi Sahib, ya iso ya tsaya a bakin ƙofar da sandarsa.

"Ba wanda zai taɓa ta, ba wanda zai taɓa tabarmarta. Gobe bayan azahar a harabar masallaci. A zo da Ustad Fayyaz."

Washegari da sassafe Fayyaz ya shiga maɗaba'a kafin kowa. Ya zazzage koren buhu a kan teburi. Ya bi takardun ɗaya ɗaya. Akwai na bikin ɗan alƙali, akwai na saukar Alƙur'ani. Ambulan ɗin attajirin tufafi babu ko ɗaya.

Ya zauna yana kallon hannunsa. Bai tuna lokacin da ya yi ba. Bai ji tsoro ba, bai ji kunya ba. Ya dai san abin da ya faru.

A haka Malik ya same shi. Ya rufe ƙofa.

"Ustad ji, na ga ka zazzage. Mayar da su."

"Ambulan ɗin ba sa ciki, Malik Sahib."

"Na sani. Tun jiya na gane takardar, ni na sayo ta." Ya ja kujera ya zauna. "Saurara. Ba na ce ka yi ƙarya ba. In an tambaye ka, ka ce shekara ashirin da shida hannunka bai taɓa haɗa kwando da buhu ba. Ka tsaya nan. Kowa zai shaida."

"Ita fa?"

"Ita tana da dangi a unguwar Kiristoci. Za ta koma can, ni zan aika mata da wani abu a ɓoye. Mutum goma sha tara ke cin abinci a gidan nan. In sunan maɗaba'a ya shiga bakin Haji, wa zai sake kawo mana aikin da ke da sunan Allah? Kuma kai kanka, me ya rage maka yanzu in ba sunanka ba?"

Fayyaz ya juya ga teburinsa. Ya mayar da takardun cikin buhu, ya ɗauko aikin ranar ya fara dubawa. Dama, dama, hagu. Malik ya ɗauka an gama magana.

Bayan azahar harabar ta cika. Mu mata muna leƙe daga kan rufin gidan maƙwabta. Rakil Bibi tana tsaye a bakin ƙofar harabar daga waje, 'yarta ta jingina da ita. An riga an ɗaure kayansu a zani, don mai gida ya ce ba ya son ɓata lokaci.

Haji Imtiyaz ya yi dogon jawabi. Ya ɗaga jakar mai maiƙo kowa ya gani. Malik ya maimaita maganarsa ta jiya. Sannan Maulwi Sahib ya juyo.

"Ustad Fayyaz, mun san halin da kake ciki, ba za mu tsare ka ba. Tambaya ɗaya ce. Wannan takarda za ta iya fitowa daga kwandonka?"

Fayyaz ya miƙe. Muryarsa kamar ta mai karanta sanarwa.

"Daga kwandona ta fito. Ni na zuba. Guda ɗari shida ne, ran Talata, kwana huɗu da binne matata. Ba ta taɓa akwatin masallaci ba. Sayen ta ta yi da kuɗinta."

Idanu suka koma kan mai maɗaba'a. Malik ya sunkuyar da kai.

Haji ya yi dariyar raini. "Ji wani zance! Ustad, tausayi ne ya kama ka ko mutuwa ce ta taɓa maka kai? To ko da kai ka zuba, ita ba ta da ido? Ta yanka, ta ninke, ta shafa fulawa a kan sunan Allah, ba ta gani ba?"

Fayyaz ya juya wajen mai pakora. "Latif, akwai sauran jakunkunan?"

Latif ya kawo ƙulli guda. Fayyaz ya bi su da yatsa, ya zaro biyu, ya miƙa wa Haji.

"Haji Sahib, ka yi karatu, ka je Makka sau biyu, ga tabarau a idonka. Ɗaya tana da Bisimillah, ɗaya ba ta da komai. Wacce ce?"

Haji ya duba ta dama, ya duba ta hagu. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya juya su baya. Wani daga bayan sahu ya ce, "Haji Sahib, a kawo maka mai ne?" Wasu suka yi dariya, Maulwi ya ɗaga sanda suka yi shiru.

Haji ya zaɓi ɗaya. Ba ita ba ce.

Fayyaz ya karɓi ɗayar ya karkata ta wajen rana, ya kama yatsan liman ya ɗora a kai. Maulwi Sahib ya shafa a hankali, ya ce, "Subhanallah. Ga ta kuwa."

Sannan ya ce, "To mu bar neman wanda za a kora, mu nemi sunan Allah inda yake kwance. Rakil Bibi, shago nawa kika sayar wa?"

Ta lissafa da yatsu. Bakwai ne. Na huɗu da ta ambata shi ne shagon Haji Imtiyaz.

Haka aka kwashi jiki aka bi shagunan, liman a gaba, Fayyaz a bayansa da koren buhu. A kowane shago sai a fito da jakunkuna, ya zauna a bakin ƙofa ya bi su da yatsa. Wajen mai gyaɗa, wajen mai barkono, wajen mai alawa. Bai yi sauri ba.

A shagon Haji aka fi daɗewa. An sami hamsin da takwas a kan kanta, wasu an riga an ƙulla ƙusoshi a ciki, wasu maganin ɓera. Sannan Fayyaz ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kanta, inda Haji yake ajiye ƙafarsa in yana zaune. Ya jawo guda tara a cukwikwiye, da sawun takalmi a jikinsu. Ya miƙe kowacce a kan gwiwarsa, ya hure ƙurar, ya sa a buhu.

Haji yana tsaye yana kallon sawun takalminsa a jikinsu.

Maulwi Sahib ya ce, "In korar ta za a yi, sai a haɗa da Haji. A haɗa da ni, don ranar Litinin na ci gyaɗa a irin wannan jaka, ban kuma san inda na jefar da ita ba. Akwai wanda ya tabbata bai taɓa ba? Ya ɗaga hannu."

Ba hannun da ya tashi.

Kafin magariba an tara ɗari huɗu da 'yan kai. Sauran sun riga sun bi gari. Liman ya ce kowa ya nemi gafarar Allah, Shi ya san wanda ya yi da gangan da wanda bai sani ba. Mai gida da kansa ya mayar da ƙullin kayan Rakil cikin ɗaki, yana cewa shi dama bai yarda ba tun farko. Ta wuce shi ta shiga ɗaki da 'yarta.

Ran Asabar Malik Tanwir ya kira Fayyaz ya ce ya je ya huta. Bai faɗi ranar dawowa ba. Fayyaz ya ce, "To." Ya ɗauki kofin shayinsa da tabaransa ya dawo gida.

Ya yi wata guda yana zaune a dakalin ƙofa. Masu wucewa wasu su gaishe shi, wasu su kau da kai. Ni kaina na yi masa faɗa. Na ce, "Bhai jan, yayana, da ka yi shiru da wa zai sani?" Ya dube ni ya ce, "Ni."

Wata Alhamis da hantsi sai ga Rakil Bibi da ƙullin takarda a ka. Daga wata maɗaba'ar ta sayo. Ta sauke a gabansa da ƙarfi.

"Ustad ji, wata guda ke nan ban yanka farar takarda ba. In na ɗauki almakashi sai tsoro ya kama ni. Masu shago ma sun ce ba sa saye sai an tabbatar musu."

"To me zan yi miki?"

"Kai ka jefa ni a wannan hali, kai za ka riƙa dubawa. Ni ba karatu, ido kuma ka ga ko na Haji bai yi aiki ba."

Ya kalli ƙullin. "Aikina da tsada, Baji."

"Tsadar banza, mutumin da aka kora. Ladanka miyar dal da gurasar roti biyu, in ka ƙi na tafi da abina."

Ya jawo ƙullin kusa. Sannan ya kwance igiyar, ya zaro takarda ta farko, ya karkata ta wajen rana.

A wannan ƙullin kaɗai ya fitar da guda sha ɗaya masu ayoyi.

Mako na gaba mata uku ne suka zo. Bayan su sai masu sayen tarkacen takarda da kekunansu, sai ƙananan maɗaba'u da ba su da mai dubawa. Masu shaguna suka koma tambaya kafin su karɓi jaka, "Ustad ya shafa?" Har Haji Imtiyaz, sai dai shi bai taɓa zuwa da kansa ba, aike yake yi.

A wannan dakalin ya yi sauran shekarunsa shida yana aiki. Rakil Bibi kuwa har yau tana ɗakinta na ƙarshen layi. Jiya ma na wuce ta tana dama fulawa.

Darasi: Idan kuskure naka ne, kada ka bari a ɗora shi a kan wanda ya fi ka rauni don kawai ba mai tsaya masa. Sunan kirkin da za a kori baiwar Allah daga ɗakinta don a tsare maka shi, ba sunan kirki ba ne. Kai kuma mai saurin ɗaga murya a kan laifin wani, fara leƙa ƙarƙashin kantarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su karanta, wanda ya samu hali kuma ya sa yayana a addu'a.